Ɗalibar da Ba Ta Faɗin Nauyi

Wata mai ɗinki tana zaune a bencin asibiti, kati a hannu, tana kallon ɗaliban ilimin abinci da aka turo ɗakin awo. Uku suna ƙwala faɗin nauyin mutum, mai rubutu ya ji, ɗaki duka ya ji. Ta huɗun ce ta ɗauke mata hankali: gajeriya, mai ƙiba, farar rigarta ta ƙi haɗuwa a ƙirji sai da fil.

"Wannan ce za ta koya mana cin abinci?" in ji wata a layi. "Ta fara da kanta mana."

Ɗalibar ta ji sarai, don bironta ya tsaya cak, amma ba ta ɗago ba. A gabanta wata tsohuwa tana tuɓe takalmi da mayafi, har da zobe, tana ba da haƙuri.

"Inna, bar mayafinki. Ba laifi kika yi ba," in ji ɗalibar.

Ta kare sikelin da faɗin jikinta, ta duƙa, ta rubuta lambar shiru.

Wannan kam, mai ɗinki ta ayyana a ranta, an taɓa faɗin nauyinta a gaban aji. Ita kanta mai ɗinkin, shekara uku rabonta da hawa sikeli. Ta tashi, ta koma layin ɗalibar.