Ranar da Baba Faci Ya Kulle Hannunsa

Har yau in aka ce "ranar wando" a layin masu gyara, ba wanda zai tambaya wandon wa ake nufi. Na Baba Faci ne, mai gyaran keke. Da hantsi abin ya faru, a tsakiyar titi, daidai lokacin da mata ke dawowa daga kai yara makaranta. Ya fito daga rumfarsa yana jan ƙafar dama, hannunsa na hagu, wato mai lafiyar, ɗaure a ƙugunsa da sarƙar keke da kwaɗo. Ba wani ne ya yi masa ba. Shi da kansa ya fara wurga makullin saman kwanon shagon Tela maƙwabcinsa, sannan ya danna kwaɗon a jikin bango har ya ce ƙas. Bai yi taku goma ba mazagin wandonsa ya kwance.

Amma kafin a yi masa dariya, gara a san mutumin.

Shekara talatin da ɗoriya yana ƙarƙashin rumfar nan, tsakanin tsofaffin tayoyi da bahon ruwan da yake neman huji a ciki. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake gaisawa, in ba keken da zai gyara sai ya kwance nasa ya sake ɗaurawa. Matarsa takan ce tun da ta aure shi kujerarsa ba ta taɓa yin ɗumi ba. Gwanintarsa kuwa ita ce daidaita ƙafar keke. In ta karkace, sai ya kafa ta ya juya, ya sa babban yatsa da manuni yana matsa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a kusa, har ta daina rawa.

Wata la'asar yana ba taya iska, famfon ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Tela ya ɗauka gwalo yake yi masa, har ya rama. Sai da ya ga mutum ya sulale ƙasa sannan ya yi ihu.

A asibiti ya kwana biyu a kan benci kafin gado ya samu. Na'urar hoton kai ta lalace, an ce ana jiran mai gyara. Ran kwana tara aka sallame shi da ƙwayoyi da wani ɗan kati mai ɗauke da ranar da zai ga mai gashin ƙashi, watanni biyar nan gaba. Likitan, wani matashi da barci ya cika wa ido, ya raka shi da magana ɗaya a bakin ƙofa.

"Baba, ciwon shanyewar ɓarin jiki ne. Watannin farkon nan su ne naka. Abin da bai dawo a cikinsu ba, da wuya yake dawowa."

Baba Faci ya dubi katin, ya dubi likitan. Harshensa ya yi nauyi a lokacin, shi ya sa likitan ya tsira.

Ciwon nan gadonsu ne, shi ya kwantar da mahaifinsu. Saboda haka ba wanda ya yi mamaki sosai da aka bugo waya bayan mako uku cewa ya kama ƙanensa Auta, wanda ke tuƙin bas a wata ƙasa mai nisa. Abin mamakin shi ne yadda labarin ya ƙare. Cikin awa guda an sa Auta a na'ura, an yi masa allurar da ta narkar da jinin da ya toshe. Washegari ma'aikata uku suka tsaya a kansa.

"Mata uku, Yaya," in ji Auta a wayar da ake ganin juna. "Ɗaya ta ƙafa, ɗaya ta hannu, ɗaya ta harshe. Har haɗiye ruwa aka koya min."

"Kai da tun kana yaro ba a taɓa koya maka haɗiya ba?"

"Wallahi sun dame ni. Jiya ma cikin ruwa suka sa ni, ga sanyi."

"Allah sarki. Juya wayar nan in ga abin da kake takawa."

Tun daga ranar, kullum da safe Baba Faci yakan jingina waya a jikin famfo ya sa Auta ya zagaya da ita ɗakin motsa jiki. Ba ya kallon ƙanen nasa sosai, injinan yake kallo, da idon makaniki. "Matso. Ƙasa kaɗan. Au, ashe sarƙa ce kawai da feda aka yi wa fenti!" Kafin mako ya zagayo ya kafa tsohon keke a kan katako yana takawa. Ya rataya ƙarfen taya a azarar rumfa ya zura igiya, hannu mai lafiya yana jan maras lafiya sama. Ya yanka tsohuwar robar taya yana miƙe kafaɗa da ita. Ya zuba noti a gwangwani yana ƙoƙarin tsinta.

Ƙafa ta ji magana, baki ma ya miƙe, har ya koma faɗa da Tela. Hannun ne ya ƙi. Yatsun sun dunƙule kamar ya ɓoye wani abu ya hana a gani. Faci kam yana iya yi da hagu da haƙori, amma ƙafar keke ba ta daidaituwa sai da yatsu biyun nan na dama. Tsofaffin masu kawo masa gyara suka fara ɗago hannu daga nesa suna wucewa rumfar gaba. Shi kuwa sai ya ciro katin, ya ƙirga, ya mayar aljihu, ya zaga rumfa sau uku, ya sake cirowa. An ci wata biyu, saura uku.

"Malam, ka zauna mana," in ji matarsa. "Kana sa ni jiri."

"In na zauna, shi ma hannun zai ga an zauna."

Wata safiya ya ga Auta da wata ƙatuwar safa mai kauri a hannu.

"Kai Auta, sun ruɗe ne? Ai wancan ne mai lafiyar."

"Da gangan ne, Yaya. In an tsare mai lafiyar, dole ragon ya tashi ya yi aiki."

Nan waya ta yanke. Abin da Auta bai samu faɗa ba shi ne, safar nan ko da haƙori ana zare ta, kuma ma'aikaciyar hannun tana zaune a gefensa ba ta ɗauke ido, kuma a cikin ɗaki ake yi, a kan kujera.

Baba Faci ya nemi matarsa ta ɗaure shi. Ta ce ba ta ɗaure shi yana da ƙarfinsa ba, ba za ta fara yanzu ba. Shi kuma ya san halinsa, in ɗaurin mai kwantuwa ne, minti biyar ba zai yi ba zai kwance. Shi ya sa ya tuna da kwaɗo. Kuma don ya nuna mata ba ya bukatar kowa, ran nan ya hana ta ɗaure masa mazagi, ya ƙulla abinsa da hannu ɗaya.

To, ga shi nan a tsakiyar titi. Wando ya kama hanyar ƙasa. Mata suka kau da kai suna salati, wasu suna leƙe ta gefen mayafi. Ya haɗe gwiwoyi ya sunkuya, yana kiran Tela da sunayen da ba a rubutawa. Tela ya ɗauko tsani, amma dariya ta hana shi hawa, in ya taka biyu sai ya sauko ya riƙe ciki. Wani ya ruga ya kira matar, ta zo da gudu da zane a hannu.

Ita ce ta gani. Tana shirin rufe shi ta tsaya cak.

"Malam. Dubi hannunka."

Wandon bai kai ƙasa ba. A daidai gwiwa, babban yatsa da manuni na hannun dama sun matse bakin yadin, suna rawa, amma sun riƙe. Ya dube su ya daɗe, kamar baƙin da aka fid da ran zuwansu.

"Kar ki taɓa," ya ce a hankali. "Bar su."

An rufe shi, an sauko da makulli, an buɗe kwaɗo, shi bai saki wandon ba har rumfa.

Da ranar katin ta zo, ya tarar da mutum kusan hamsin a kan benci, ma'aikaciya ɗaya. Minti goma ya samu. Ta ji labarin sarƙa ta dafe kai, ta ce dabarar gaskiya ce amma ba haka ake yi ba, da ya faɗi da hannu a kulle fa? Ta lanƙwasa yatsunsa, ta miƙe su, ta yi ajiyar zuciya.

"Da ka zo da wuri, Baba, da mun samu fiye da haka."

Ya miƙa mata katin. Ta ga ranar da aka sa masa ya zo, ta ga rubutun nata ne. Ta ƙara masa minti biyar daga lokacin cin abincinta.

Yanzu an shekara. Auta ya koma tuƙin bas, yatsunsa biyar duk suna aiki, ƙorafinsa ɗaya an hana shi gishiri. Baba Faci yana da yatsu biyu, sauran ukun har yau suna barci. Ƙafar keken da da yake daidaitawa kafin mai ita ya gama gaisuwa, yanzu sai a bari a dawo da yamma. Amma tana daina rawa. Har yau yana sa Auta ya aiko masa hoton injina, kuma akwai wani sabon abu da yake haɗawa a bayan rumfa da birki da cokali, wanda matarsa ta ce ba ta son sanin amfaninsa.

Shekaranjiya Tela ya leƙo, allura a baki.

"Baba, yau ba kulle-kulle? Ko in shirya tsani? Mata sun kusa dawowa daga makaranta."

Baba Faci bai ɗago ba, kunnensa na jikin wayoyin ƙafar keke yana matsawa.

"Yi dariyarka, ɗan nema. Auta mata uku aka haɗa masa da ɗaki cike da inji kafin yatsunsa su tashi. Ni wando ɗaya ya tayar min da biyu." Ya juya ƙafar keken, ya bi ta da ido. "Saura uku. Kar ka ba kowa aron tsanin nan."