Ɗan Shilar da Ba a Yanka Ba

Shekarar da Baba ya rasu, tun Turawa ba su tafi ba, na baro ɗakina a Bebeji na koma Burumburum don in taya Inna zaman takaba. Ƙarshen damina ne. Dawa ta yi kai, ta rufe hanya, ba ka hango jinkar gari sai ka shigo cikinsa. Abin da na fi tunawa shi ne shirun gidanmu, da hasken rana da ke ratso asabarin ɗakin Inna, ya kwanta layi-layi a jikinta, yana tafiya a hankali daga ƙafa zuwa kafaɗa.

Inna ta daina cin abinci. Ba kuka, ba ƙorafin ciwo. In na kawo kunu ta ce in ajiye, in na dawo in tarar ya sandare. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Na lallaɓa, na yi fushi, na haɗa ta da girman Allah, duk a banza. Zanenta ya yi mata yawa. Tsoro ya kama ni, don na ga alamar so take ta bi mijinta.

Wani ya gaya wa yayana cewa romon 'yan shila yana tayar da majinyaci. Shi kuwa bawan Allah, in ka cire fartanya ba abin da ya sani. Ya je ya samo guda biyu da ko gashin kirki ba su yi ba, sai baki da ciki. Ya yanka ɗaya na dafa, Inna ta kau da kai. Ɗayan na kife shi da kwando a bakin ƙofarta, na watsa masa gero, kafin a yanka shi gobe.

Da hantsi ina surfe na ji muryarta, siririya kamar daga cikin rijiya.

"Ke, wane ne ke kuka tun ɗazu?"

Na ce, "Ɗan shila ne, Inna. Ga gero a gabansa, ya ƙi ci."

"Ina ya iya ci? Kun raba shi da uwa, kun kife shi. Miƙo min shi. Ki jiƙo gero."

Na kai mata. Ta tashi zaune da ƙyar, ta jingina da bango. Ta ɗebi geron ta zuba a bakinta, ta tattauna a hankali, sannan ta ɗago ɗan tsuntsun ta sa bakinsa tsakanin leɓunanta. Ya kama karkaɗa 'yan fukafukansa yana zura kai, har ƙirjinsa ya cika tam. Ya lumshe ido a tafin hannunta. Ni dai maƙogwaron Inna nake kallo. Na ga ya motsa, ashe ta haɗiye saura. Na sulale na koma kan surfena, don kada in ɓata.

Daga ranar kwanaki suka shige cikin juna, ban iya rarrabe su yanzu. Ina ganinta kamar a mafarki, zaune cikin wannan haske, iska na kaɗa karan dawa a bayan danga, ƙarar sarewar makiyaya na zuwa tana komawa, ita tana tauna tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa kusantowa in ji me take faɗa ba. Ina zaton hirar da ta saba yi da Baba ce. Geron da nake jiƙawa ya fi ƙarfin cikin tsuntsu, ƙwaryar kuma kullum a share take dawowa. Tauna na busar da baki, sai ta nemi ruwa. Na fara dama fura salala a ruwan, ta yi kamar ba ta lura ba.

Da yayana ya shigo da wuƙa yana tambayar ɗan shila na biyun, kallo ɗaya ta yi masa ya juya sumsum.

Tsuntsun ya yi gashi, toka-toka da ɗan kore a wuya. Ya fara tsalle zuwa tsakar gida, dole ta fito ta tsare shi daga shirwa, tana dafa bango, tana ƙifta ido a rana. Sai wata safiya ya sunkuya ya tsinci gero da kansa a gindin turmi. Na ce a raina shi ke nan, ya iya ci, ita kuma ba ta da sauran dalilin tauna.

Da yamma na kai mata tuwon dawa da miyar kuka, na ajiye ba tare da na sa rai ba. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni. Na waiwaya na ga hannunta cikin akushi, fuskarta a yatsine.

"Wannan miya fa? Daddawa kamar an yi gayya, gishiri kuwa ko oho. Wa ya koya miki girki?"

Na ce, "Ke ce, Inna."

Ta suɗe yatsunta, ta turo min akushin.

"To ashe ban gama ba. Je ki ƙaro."