Baftismar Yaya Saratu

Wata Lahadi ce cikin bazarar shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, zafin Tawa ya gasa kwanon rufin majami'armu har yana ƙara, aka karanta sunayen waɗanda za a yi wa baftisma idan ruwa ya sauka. Aka kira sa'o'in yayata Saratu ɗaya bayan ɗaya, ita ba a kira ta ba. Ba ta ma san an tsallake ta ba, domin tun tana goye zazzaɓi ya tafi da jinta. Ba ta ji, ba ta magana. Tana zaune gefena tana yi wa Inna fifita da faifai. Sai na ga Inna, wadda ko tari ba ta yi a cikin sujada, ta miƙe tsaye a sashen mata, ta gyara zanenta, ta ce, "Dattawa, kun mance da ɗiyata." Dattijo Ɗanjuma, mai koyar da masu shirin baftisma, ya amsa a hankali cewa ba mantuwa ba ce, doka ce mutum ya shaida bangaskiyarsa da bakinsa. "Ita mi za ta ce?" in ji shi. Inna ta ce, "Dattijo, in ku ba ku jin ta, wanda ya halicce ta yana jin ta."

A gidanmu ba mu taɓa ɗaukar Yaya marar magana ba. Muna da namu harshen na hannu da ido, wanda ba a koya mana a ko'ina ba. Ita ke surfe, ni ke bakace; ita ke tatsar akuyoyi, ni ke kai su bakin garke. Idan ana daka, ta tafin ƙafa take jin faɗuwar taɓarya, shi ya sa a dandalin gaɗa ba wadda ta kai ta iya taka rawa. Da damina Baba yakan rufe shagon ɗinkinsa mu tafi gonarmu ta kan tudu, hanyar Barmu. A can Inna ke yi mata wa'azi ba da baki ba: ta nuna mata tsiron gero, ta nuna tururuwa ɗauke da ƙwaya, ta nuna sama, sannan ta ɗora hannu a ƙirjin Yaya. Matan bakin famfo sukan ce, "Wayyo, Allah ya rage ta." Inna kan ce musu, "Ba ya aikin gaggawa, bare ya bar wani wuri bai gama ba." Maƙwabciyarmu Hajiya Zali, mai sayar da fura, Musulma ce, amma ita ma ta sha kora yaran da ke bin Yaya da tsokana.

Tun daga wannan Lahadi Inna ta daina waƙa a zumuntar mata. Duk ranar darasi ta kama hannun Yaya ta zaunar da ita a bencin gaba, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa cikin rana har a tashi. Baba ya roƙe ta ta bari, ya ce mu ƴan kaɗan ne a garin nan, kada mu tsage. Ta ce, "Maigida, don muna ƴan kaɗan ne ba za a bar ɗaya a waje ba."

Hadari ya fara haɗowa lokacin da Fasto ya zo gida da kansa. Ya zauna a tabarma ƙarƙashin itacen bedi, ya ce in tambayi Yaya wane ne Yesu a gare ta. Na tambaye ta da hannu. Ta taɓa tsakiyar tafukanta biyu, ta sunkuya kamar mai ɗaure goyo, ta nuna kanta. Ta nuna Fasto. Ta nuna katangar su Hajiya Zali, sannan ta buɗe hannuwanta ta juya har ta kewaye garin duka. Na buɗe baki zan fassara, Fasto ya ce, "Bari, ɗiyata, na ji."

A tabkin bayan gari aka yi mata baftisma, ruwan ja wur da laka. Dattijo Ɗanjuma bai ba kowa haƙuri ba, amma shi ya miƙa hannu ya fito da ita. Inna ta rangaɗa guɗar da Yaya kaɗai ce ba ta ji ba a wurin.

Yau an gina wa majami'ar kwarmin siminti, ba mai zuwa tabki. Yaya na aure a Barmu, ƴaƴanta na jin hannunta fiye da yadda suke jin bakina, kuma mukan yi hira ta hoton waya har caji ya ƙare. Inna ta rasu. Nakan so in sake ganin ta tsaye a sashen mata, ba ta jin kunyar kowa. Har yanzu ba na barin a gaya mini wanda Allah ya manta.