Littafin Umm Salal

Auta direban tankar ruwa ne a Madinat Khalifa, wata unguwa a Doha, ɗan wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Tun 2001 yake Doha. Kirista ne, ɗan cocin mishan ta Furotesta, kuma a hannunsa littafin jama'a yake.

Jama'ar ba su kai talatin ba. Duk Juma'a, ranar da kafil, wato ubangidan aiki, ke sakin mutane, sukan taru a wata rumfar ajiye taki a cikin gonakin Umm Salal. 'Yan Katolika su yi alamar gicciye, 'yan Furotesta su runtse ido suna jira su gama, sannan a ɗauki waƙa ɗaya da Hausa. Wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure, wanda aka mai da gawarsa gida, duk Auta yake rubutawa, layi bayan layi, shaidu su sa hannu. Bai taɓa ware wa wata ɗarika shafi ba.

A 2008, da kowace ɗarika ta sami wurin ibadarta, katikis Aruna, malamin cocin Katolika, da dattijo Nababa na Furotesta suka tare shi bayan sujada. Mutanen da ko kan lokacin tashi ba sa jituwa, ranar bakinsu ɗaya. Kowace coci za ta buɗe ma'ajiyar takardunta, kuma tana son sunayen mutanenta. Auta ya ce zai kwafa musu. Suka ce kwafi ba shi da sa hannun shaidu. Shawararsu ita ce a bi littafin da reza, a yanka layi-layi, kowa ya manna nasa a sabon kundi.

Ya ƙi.

Nababa ya baza cewa son muƙami ne, direba ya ɗanɗana a kira shi sakatare. Auta bai musa ba, don wannan zargin ya fi masa sauƙi a kan a tono shafi na sha ɗaya. A can aka rubuta aurensa da Asibi, 'yar Katolika mai aikin gida. A ƙauye, cocinsa ta ce sai ta ajiye carbinta, tata kuma ta ce sai ya sa hannu cewa 'ya'ya na Katolika ne. Ba wanda ya sakko, ba cocin da ta rubuta su. A rumfar takin aka ɗaura a 2003. Bayan shekara uku ciwon ƙoda ya ɗauke ta. Duk duniya, layin nan kaɗai ne ya ce ita matarsa ce.

Juma'ar da suka zo da rezar, Auta ya buɗe shafin a gaban kowa.

"Baba Nababa, ga sa hannunka. Katikis, ga naka. Ku nuna mini inda reza za ta bi."

Nababa ya hau gyaran tabarau. Aruna ya sassauta murya ya ce, a ƙa'idar coci dai, wannan auren bai cika ba, don haka ana iya barin layin a gefe.

Auta ya ce, "Ranar da ka ci faranti biyu na shinkafar bikin, ƙa'idar tana ina?"

Wasu mata suka tuntsire da dariya, suka toshe baki da gyale. Auta ya rufe littafin, ya soke shi a hammata, ya ce khalas, magana ta ƙare.

A makon suka sauke shi daga sakatare, da ƙuri'ar ɓangarorin biyu. Ya ce sun kyauta, amma littafin shi ya saya, da alƙalaminsa ya cika shi. Kundin kowace coci sai ya fara daga 2008. Duk mai neman shaidar baftisma ko aure na kafin nan, sai ya bi sawun tankar ruwa a Madinat Khalifa. Auta zai tsaya a gefen titi, ya goge hannu, ya buɗe masa shafin ya karanta, har hoto ya ɗauka in yana so. Amma ba ya sakin bangon littafin.