Katangar Gonar Tafinta

A gidanmu da ke Tsohuwar Maiduguri, in aka ce "gona" kowa ya san wadda ake nufi. Tana can bayan Dala, inda a da gari yake ƙarewa. Mutanen wajen kuwa Gonar Tafinta suke ce mata, domin kakan mahaifina tafintan Turawa ne. Bafatake ne daga yamma, ya iya Kanuri a yawon kasuwanci. Baturen da ya ɗauke shi yana jin Hausa, mutanen ƙasa ba sa ji, shi ne yake tsayawa a tsakaninsu. Da Turawa suka zauna da gindinsu, sai Baturen ya saka masa da fili. Aka ja sarƙar awo, aka kafa duwatsu a kusurwoyi, aka ce nasa ne.

Filin ba fayau yake ba. Akwai ɗan ƙauye a kai, da rijiya, da wata tsamiya wadda mutanen ƙauyen suke binne matattunsu a gindinta. Tafinta da bakinsa ya gaya musu cikin harshensu cewa su tashi. Kakata ce ta ba ni wannan labari ina ƙarami, tana dariya, a matsayin shaidar cewa kakanmu mutum ne mai wayo.

Mutanen suka matsa gaba suka kafa wani ƙauyen, amma ba su rabu da gonar ba. Duk shekara jikokinsu suna dawowa su noma ta, su ba gidanmu kasonsa. A cikinsu akwai wani dogon tsoho da kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, wanda na taso ina gani. Kafin ya taɓa fartanya sai ya je gindin tsamiya ya tsaya, ya ɗaga hannu ya yi wa kakanninsa addu'a. Mahaifina bai taɓa hana shi ba. In muka je, tsohon yakan tare mu da gaisuwar Kanuri, "Wushe, wushe," ya cika mini aljihu da tsamiya.

Mahaifina ya rasu ina koyarwa a wata firamare, na riga na yi aure. Gona ta koma hannun Baffa, ƙanin mahaifina, mai shagon kayan gini a kasuwa. Mutum ne mai fara'a, mai son a gan shi a sahun gaba.

Sai rikici ya zo. 'Yan bindiga suka ƙone ƙauyen tsohon, suka kashe waɗanda suka kashe. Ya shigo gari a ƙafa da abin da ya rage masa: ɗansa guda, da surukai mata, da tarin jikoki. Ba su nufi sansanin 'yan gudun hijira ba, gonarmu suka nufa. Ina wurin ranar da Baffa ya je ya same su a gindin tsamiya. Ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu.

"Baba, nan ai gida ne," in ji shi. "Ku zauna. Ba wanda zai ce muku ku tashi ina raye."

Aka kawo ɗan abin da matan suka dafa, Baffa ya zauna a tabarma ya sa hannu a kwano ɗaya da tsohon. Na koma gida ina ba matata labari, ina alfahari da shi.

Suka kafa bukkokin zana da tamfol. Suka yashe tsohuwar rijiyar da ta daɗe da cikewa, ruwa ya dawo. A shekarun nan gari ya cika ya batse, domin duk wanda ya tsira daga ƙauye nan ya nufo. Gine-gine suka wuce Dala suka doshi gonar, masu neman fili suka fara zarya a shagon Baffa.

Wata rana bayan girbi ya tara su ya ce hankalinsa ba ya kwanciya, mata da yara suna kwana a fili, ga ɓarayi, ga 'yan bindiga. Ya ce zai kewaye wurin da katanga domin su, shi zai kawo siminti da yashi da magini, su kuma su sa ƙarfinsu. Tsohon ya yi ta sa masa albarka har muryarsa ta dushe.

Rani guda suka yi suna wannan aiki. Ɗan tsohon da samarin da ke cikinsu suna buga bulo, mata suna jan ruwa a rijiya har tafin hannunsu ya tsattsage. Ladansu gero ne da ɗan man gyaɗa. Tsohon ba shi da ƙarfin ɗaukar bulo, sai ya ɗauki gwangwani yana bin bulon yana ba su ruwa safe da yamma don su yi ƙwari. Da katanga ta kai tsayi, Baffa ya ce a sa yara su tsinto fasassun kwalabe a bola, a kafa a samanta. Na ga wata yarinya a cikin jikokin da yatsa naɗe da tsumma, tana nuna mini tarin kwalaben da ta samo, tana murna nata ya fi na kowa.

Damina ta faɗi, suka shuka gero a cikin katangar. A lokacin ne na shiga shagon Baffa wata rana na same shi da wani baƙo mai babbar riga. Ina zaune a kan buhun siminti ina jira su gama, na ji Baffa yana cewa, "Fili a kewaye yake, da ƙofarsa ta ƙarfe. Ranar da kake so, za ka same shi ba kowa a kai."

Da baƙon ya fita na ce, "Baffa, wane fili ne ba kowa a kai?"

"Gona mana."

"To su Baba fa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi abin da yaro ma ya sani. "Za su tashi. Dama zama na ce su yi, ban ce na ba su ba."

"Kai ka ce musu katangar domin su ce."

"Da na ce musu ta mai saye ce, wa zai tsaya ya gina ta a kan gero?" Ya yi dariya. "Kai malamin makaranta ne, ba ka san yadda ake riƙe dukiya ba. Kakanmu da ya tsaya jin tausayi, da yau a gidan haya aka haife ka."

Na roƙe shi ya yanke musu ko da gefen tsamiya ne. Na ce a cire daga rabonmu, ni da ƙannena. Ya ce mai saye ba ya son fili mai ƙari a jiki, kuma ba a raba gado ba balle in yi kyauta da shi.

Daga shagon gonar na wuce. Na sami tsohon yana cire ciyawa a tsakanin gero. Na durƙusa ta wajen kunnensa mai ji, na gaya masa duk abin da na ji. Ya saurara har na gama, sannan ya girgiza kai.

"Ɗana, ba ka ji daidai ba," ya ce da Hausarsa mai nauyin Kanuri. "Baffanka ya ci abinci da ni. Kada ka bari shaiɗan ya shiga tsakaninku."

Washegari ya sa jikansa ya kai shi kasuwa. Ba ƙara ya kai ba, sulhu ya je yi. Ya gaya wa Baffa abin da na faɗa, ya roƙe shi ya yafe mini, wai ƙuruciya ce. Baffa ya rantse masa ba abin da zai faru, har ya biya masa kuɗin keke. Da yamma ya aiko wa mahaifiyata cewa kada in ƙara taka shagonsa ko gonar.

Bai jira girbi ba. Gero ya fara fitar da kai, wata safiya ɗan tsohon ya kira ni a waya, ban ji komai ba sai kukan mata. Ko da na isa, wasu samari 'yan haya riƙe da gora suna fito da kaya suna watsarwa a bakin hanya: tukwane, tabarmi, buhunan tsumma. Sun tuge bukkokin. Baffa yana cikin motarsa a gefe, gilashi a rufe. Tsohon ya je ya tsaya a jikin motar yana ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ɗaya, a hankali. Da ƙyar aka sauke shi kaɗan.

"Alhaji, a bar mu mu girbe. In mun girbe za mu tafi."

"Baba, ba hannuna ba ne yanzu. An sayar."

"Ka ce ba wanda zai tashe mu kana raye."

"To ai ba ni nake tashin ku ba. Mai fili ne."

Gilashi ya koma sama. Na yi magana, ɗaya daga cikin samarin ya dafa ƙirjina da gora ya ce an gaya musu ko ni ne kada a bari in shiga. Aka ja ƙofa aka sa kwaɗo.

Ba su da wurin zuwa, sai suka jingina tamfol ɗinsu a bayan katangar, ta gefen hanya. Bayan kwana kaɗan aka buɗe ƙofar aka shigo da shanun wani mahauci, domin Baffa ya sayar masa da geron a tsaye a matsayin abincin dabbobi. Daga inda suke kwance suna jin shanun suna karya karan. Rijiyar tana ciki, don haka matan suka koma sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Ni da wasu abokan aikina mun riƙa kai musu abin da ya samu. Na je wurin bulama, mai unguwar wurin, ya ce filin Tafinta ne tun zamanin Turawa, kowa ya san haka, ba abin da zai iya.

Tsohon ya rasu da bazara, a jikin katangar. Ɗansa ya zo har makaranta ya same ni. Ya ce mahaifinsa abu ɗaya ya bari: a kwantar da shi a gindin tsamiya, wurin kakanninsa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi a bakin hanya, muka ɗauki makara zuwa ƙofar. Maigadi ya ce ba shi da izini. Mai filin ba ya gari, kuma Baffa ne wakilinsa. Na karɓi wayar maigadin na kira Baffa, na buɗe murya don ɗan tsohon ya ji amsar da kunnensa, ina zaton kunyar gawa za ta kama shi.

"Allah ya jiƙansa," in ji Baffa. "Amma gidaje za a gina a wurin. Wa zai sayi gida da sabon kabari a tsakar gida? Tsofaffin kaburburan ma sai da na kawo mota ta baje su."

Ɗan tsohon ya saki makarar, wani ya karɓe ta. Ya je ya sa ido a tsagar ƙofar ya daɗe yana leƙe. Da ya juyo ya ce, da Kanuri, sun sare tsamiyar.

Rana ta take, gawa ba ta jira. Muka tsayar da wata a-kori-kura da ta sauke yashi, muka ɗora makarar a baya, muka tafi makabartar gari. A can muka binne shi, a layin waɗanda suka rasu a ranar. Da aka gama addu'a na ce wa ɗan ya zo in mayar da shi. Ya karkaɗe ƙasar hannunsa a jikin rigarsa.

"Na gode, Malam," ya ce. "Amma kada ka ƙara zuwa wurinmu. Yara in sun gan ka tsoro suke ji. Kamarku ɗaya da Baffanka."

Ya bi bayan mutanensa a ƙafa. Kafin damina ta sake zagayowa hukuma ta kwashe masu kwana a bakin hanyar, ban san sansanin da aka kai su ba. Na tambaya a wurare biyu ko uku, ba wanda ya gane su wa nake nufi.