Ƙas-ƙas a Cikin Busar Kawu

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyarwa a firamare a Tiga, in an tashi kuma in buɗe ɗan shagona na bayan masu kifi, inda nake kwafa wa mutane kaset. Yayana yana aiki a wani situdiyo a Kano. Da suka sake kayan aiki, sai ya aiko mini da tsofaffin guda biyu: ƙaramar rakoda mai kaset kamar kwalin ashana, da babbar na'urar haɗa sauti. Abin da ke haɗa su wata siririyar waya ce, wadda in ka leƙa bakinta za ka ga jan haske. Ya ce sauti ba ya bin ta kamar yadda muka saba. Rakodar ce ke mayar da shi lambobi, ta aika, babbar ta karɓa ta karanta. Na ce to. Ban gane sosai ba, amma abu yana aiki.

Wanda na fara ɗauka da rakodar Kawu ne, yayan mahaifiyarmu, da ke zaune a Burumburum yana noma yana kiwo. Tun muna yara da busar sarewarsa muka san shi. Sai da na yi ta naci kafin ya yarda, don cewa yake busar shanu ba ta shiga akwati ba ce. Bayan girbi na je, muka zauna a gindin tsamiya da hantsi, ya yi ta busa, yana tsayawa ya rera baiti da Fillanci, ya ɗora da Hausa.

A hanyar dawowa babur ya kayar da ni a cikin yashi. Ni ban ji ciwo ba, amma rakodar ta bugu, ramin da ake soka abin saurare ya karye. Ba ta da wata ƙofar fitar da sauti sai wayar hasken nan. Na ajiye ta na ce sai na samu sukuni.

Kafin sukunin ya zo, Kawu ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Bayan an sallamo shi daga asibiti, babbar 'yarsa ta same ni a shago.

"Yaya, Baffa ba ya cin abinci sosai," in ji ta. "Jiya ya sa aka miƙo masa sarewar, ya kai baki, iska kawai ta fita. Ya juya ya kalli bango. Ka kawo masa wannan da ka ɗauka ko zai ji sanyi."

Tana fita na haɗa na'urorin. Busar ta fito kuwa, amma tare da wani ƙas-ƙas, kamar ana karya kara a bakin kunne. Ta yi ɗan nisa lafiya, sai ƙas. Wani wurin ma ta ɗauke gaba ɗaya. Na goge bakin wayar, na juya ta, na hure ƙura, na kashe na kunna. Babu sauyi. Ba ni da hanyar sanin ko faɗuwar nan ce ta lalata kaset ɗin, ga shi mai busar ba zai sake ba. Kwanakin nan ko alli na riƙe a aji, ƙas-ƙas ɗin nake ji. Duk wanda ya zo daga Burumburum da tambaya sai in ce ana kan aiki.

Ranar Juma'a yayana ya biyo ta Tiga zai wuce duba Kawu. Ko ruwa ban bari ya sha ba na ja shi shago. Ya tsaya ya saurara, kansa a ƙasa.

"An ɗauke muku wuta kwanan nan?"

Na ce kullum ma.

Ya durƙusa gaban babbar na'urar yana latse-latse. "Kowace a cikinsu tana da agogonta na ƙirga lambobin," ya ce. "Dole ɗaya ta bi na ɗaya. Na saita wannan ta bi rakodar, amma in wuta ta ɗauke sai ta koma kan nata. To in ƙirgar ta saɓa, nan kake jin ƙas."

"Kaset ɗin fa, Yaya?"

"Bari mu ji tukuna."

Ya mayar da shi farko ya kunna. Na ƙura wa bango ido ina jiran ƙas. Busar ta tashi, ta hau, ta sauko, har kukan kurciyar da ke kan tsamiyar ana ji, tas. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Alhamdu lillahi kawai nake ta maimaitawa, yayana yana yi mini dariya, yana cewa da na aiko tun farko ai da ban rame ba.

Nan take muka juye ta a kaset na gama-gari, ba ɗaya ba, muka hau hanya bayan an sauko daga masallaci. Mun tarar da Kawu a kishingiɗe a zaure. Muka durƙusa muka gaishe shi, aka kawo rediyon maƙwabci. Da busar ta fara, bai motsa ba. Can sai na ga yatsun hannunsa mai lafiya suna tashi suna sauka a kan bargo. Matan gida suka taru a bakin ƙofa.

Da ta ƙare ya yafito ni. Na kai kunne kusa da bakinsa, don maganar ba ta fita sosai.

"Ɗan nan," ya ce, "a busa ta biyun na yi gaggawa."

Aka kwashe da dariya, har da shi, da rabin baki. Ya sa aka sake kunnawa, tana ci aka kawo fura da nono, ya karɓi ludayin da kansa. Kafin damina ya fara takawa da sanda har bakin garke. Bai ƙara busa ba, amma ya yi shekaru bayan nan, kuma duk baƙon da ya sauka a gidan sai an kunna masa kaset ɗin kafin a sallame shi.