Tukwane Bakwai a Tagar Tela

Shekara talatin da ɗoriya tela ya yi a shago ɗaya, ƙafarsa kan keke, bayansa ya ranƙwafa. Komai na shagon furfura gare shi saboda burbushin yadi: saman rediyo, bakin kofin shayi, har gashin girarsa. Ya saba da farin nan har ya daina ganinsa.

Matarsa ce mai saka maɓalli, kujerarta a gindin taga. Ita ta jera tukwane bakwai a wurin, tsirrai masu kaurin ganye, irin waɗanda ke ɓoye ruwa a jikinsu su yi wata ba su nemi kowa ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Takan nuna tagar da allura ta ce, "Maigida, ga 'ya'yanka nan, ba kuka, ba wanki."

Da ta rasu, dangi suka kwashe kayanta. Tukwanen kaɗai ya hana a taɓa.

Bayan wata huɗu ya ga wani fari a maƙale tsakanin ganyen tukunyar farko. Ya ce burbushi ne. Ya ɗauko ɗan buroshin da yake share keke da shi, kullum da safe kafin ya zura zare sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga ta farko har ta bakwai, a hankali, kamar mai taje wa yarinya kai. Farin ya ƙaru. Ganye ya yi danƙo, kiyashi suka yi layi a bango. Da ya ga tsirran sun yi yaushi, sai ya ƙara musu ruwa.

Mai kemis ta maƙwabta ce ta zo karɓar ɗinkinta, ta tsaya a taga tana duban tukwanen.

"Baba, me kake yi wa waɗannan?"

"Shara nake musu, likitar unguwa. Ko ita ma sai da takardar asibiti?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗebo farin da farce ta murje shi a kan teburin yanka. Ya bar jan tabo.

"Yadi ba ya jini, Baba. Ƙwari ne, suna lulluɓe da farin nan suna tsotse ruwan ganye. A tukunya nawa ka fara ganinsu?"

"Ɗaya."

Ta dubi buroshin da ke hannunsa. Shi ma ya dube shi.

"Ni na kai musu ke nan," ya ce.

Ta kawo sifirit da auduga, suka naɗa a tsinken ashana, suka bi ganye lungu-lungu har azahar. Da ta zazzage ƙasar, saiwoyin ma fari fat, wasu sun ruɓe don yawan ruwa. Tsirrai shida suka tafi kwandon shara. A ta bakwai ta sami ganye ɗaya mai sauran tauri a jikinsa, ta cire shi ta ɗora kan busasshen yashi.

"In yana da rai zai yi saiwa. Kada ka ba shi ruwa. Kada ka taɓa shi. Ka ji ko, Baba?"

Kwana tara ya yi yana ɗinki da hannu biyu, idonsa na kan taga. A na goma ya ga ɗigon fari a gindin ganyen. Ya ce saiwa ce. Ya sa tabarau, ya ɗago ɗigon da bakin allura, ya murje a farcensa.

Ja.

Ya goga sifirit, amma ganyen ya riga ya yi laushi kamar kunnen jariri. Kafin mako ya fita ya bushe.

Tela ya wanke tukwanen bakwai, ya kife su a taga yadda matarsa ta jera su. Har yau suna nan. Burbushin yadi yana sauka a kansu, na gaske wannan karon, kuma ba ya sharewa.